Kwana Shida Toka Ba Ta Ci Ba

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Auta ta ja ƙofar gida ta nufi shagon likitan dabbobi. Ba wata tafiya ba ce, titi biyu ne da shan kwana ɗaya. Amma ta bar Inna kwance ita kaɗai, shi ya sa take sauri kamar wadda ta bar madara a kan wuta.

Auta malamar makaranta ce, kimiyya take koya wa yara, kuma ba ta da haƙuri da duk abin da ba a iya aunawa. Kwana shida ke nan da ta ajiye alli ta dawo gidan da aka haife ta, tun ranar da Inna ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar kicin. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Abin da ya rage mata idanu ne da hannun hagu, sai wani cokali da take buga wa ƙarfen gado idan tana kira. A asibiti ma kwana uku kawai ta yarda ta yi. Ta yi ta bugun gado tana nuna ƙofa tana hawaye, har likitoci suka gaji suka ce a kai ta gida a ci gaba da ba ta magani.

Sai da aka kawo ta gida aka gane abin da take yi wa kuka. Kyanwarta ce, Toka. Tun ranar da Inna ta faɗi Toka ba ta sa komai a baki ba. Ita kuma Inna da ta ga kwanon kyanwar a cike yadda aka zuba, sai ta datse nata bakin. A kai mata cokali ta kawar da kai, ta nuna lungu da hannun hagu. Magani kuwa an ce ba a sha sai da abinci a ciki. To ka ji inda aka tsaya. Kyanwa ba ta ci ba, tsohuwa ba za ta ci ba, kuma kullum ƙara shigewa katifa take yi.

Yaya, babban ɗan gidan, yana can wani gari wurin aiki. Da Auta ta gaya masa a waya, cewa ya yi, "Ki zubar da abincin ki nuna mata kwanon mana. Ƙaryar ceton rai ai ba laifi ba ce." Ta gwada. Inna ta kalli kwanon, ta kalle ta, irin kallon da take yi mata tana ƙarama idan ta saci sukari, sannan ta juyar da kai bango.

Likitan ya riga ya sauke rabin ƙofar shagonsa. Dattijo ne siriri, bayan hannunsa duk tabon yakushi. Shagon na warin magani da abincin kaji.

"Malama, kwana nawa kika ce?"

"Shida."

Ya saki ƙofar ya juyo. "Ruwa fa?"

"Da auduga nake ɗiga mata ta gefen baki. Shi tana haɗiyewa."

"To shi ne ya riƙe ta. Kyanwa ba kare ba ce. Kare sai ya yi mako bai ci ba ya tashi ya karkaɗe jiki. Ita kuwa daga kwana uku hanta take fara lalacewa. Kin duba dasashinta?"

"Ya fara komawa rawaya."

"Subhanallahi. Me ya hana ki kawo ta?"

Auta ta janye hannun rigarta. Layi huɗu ne ja daga gwiwar hannu har wuyan hannu. "Ba ta ɗaguwa daga inda take. A lungu take kwana, gaban ƙofar sito. Ƙofar kawai take kallo, dare da rana."

"Ɓera ne."

"Shekara goma sha biyu tana kallon ɓera ɗaya, Likita?"

Ya yi dariya, ya shiga ciki ya fito da kifin gwangwani da sirinji marar allura. Ya ce ta ɗan ɗumama kifin don ƙamshi ya tashi, domin kyanwa da hanci take fara ci. Ta zuba a shimfiɗaɗɗen faranti, kada gashin bakinta ya riƙa gogar kwano. Cokali biyu ya isa a ranar farko. Idan ta ƙi, ta dama da ruwa ta ba ta da sirinji ta gefen baki, kaɗan kaɗan, kada ta ɗura mata.

"Saura babbar," in ji shi. "Ki ɗauke ta daga lungun nan. Kyanwa marar lafiya ba ta ci inda hankalinta ya rabu. Ki naɗe ta a tawul kamar jaririya, ki kai ta kicin, ki rufe ƙofa. Gobe da safe zan leƙo. Amma in ba ta ci yau ba, Malama, kada ki sa rai sosai."

Shawarar ba ta da aibi ko kaɗan. Da wata kyanwar ce a duniya, da an gama. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin ga ta can kwance ba baki.

A hanyar komawa masu shaguna na ta sauke ƙofofi, jemagu sun fara fitowa. Auta na tafe tana jin haushi, tsohon haushi da ya daɗe a maƙale. Tun tana yarinya ta san Inna da wata al'ada da ba kowa ke da ita ba. Kullum da la'asar sakaliya, tun rana na shiga lungu ta ƙaramar taga, sai ta ɗauki 'yar kujerarta ta zauna gaban ƙofar sito. Ta ajiye kwanon kyanwa a bayanta, ta ce, "Je ki ci, na karɓe ki." Kyanwa ta zagaya ta ci. Ita kuma ta ƙura wa ƙofar ido, ko gida na cin wuta ba za ta amsa ba sai kyanwa ta gama ta dawo. Ga wani ƙiftawa da take yi, ta rufe idon dama ta buɗe, sannan ta rufe na hagu. Auta da Yaya sun sha laɓewa suna kwaikwayonta har cikinsu ya ƙulle. Kafin Toka an yi wata baƙa, kafin baƙar an yi wata mai dabbare-dabbare, duk haka aka yi da su.

Da abin ya tsaya a dariya da da sauƙi. Inna ba ta taɓa kwana a wani gida ba. Shekara huɗu da suka wuce aka yi wa Auta tiyata, kullum Inna za ta zo da safe, amma la'asar na yi sai ta ɗauki jaka. Rana ta uku Auta ta riƙe mata zane, jikinta duk zazzaɓi, ta ce, "Inna, kyanwa ta fi ni ke nan?" Inna ta zare zanenta a hankali. Ta gyara mata bargo ta fita. Auta ba ta sake tayar da maganar ba, amma ba ta yafe ba.

Tana shiga layinsu aka ɗauke wuta.

Gidan shiru. Ta kunna fitilar waya, ta leƙa Inna. Ɗakin da take kwance shi ne ɗakin yara a da, inda Auta ta girma, kuma ƙofarsa na kusa da ta sito, taku uku ne tsakani. Inna ta koma cikinsa ne bayan da yaran suka watse. Idonta biyu. Ta kalli ledar hannun Auta, ta kalli taga inda haske ke ƙarewa, ta buga ƙarfen gado sau biyu.

"Na sani, Inna. Yanzu za ta ci."

Toka na inda take. Ta zama ƙashi da fata, gashinta ya tashi ya daina sheƙi. Gabanta ƙofar sito ce, wadda ba ta taɓa rufuwa ruf ba. Kafintoci uku suka fere ta a zamanin Baba, duk da haka sai ta bar kafa kamar faɗin yatsu huɗu. Ba komai a ciki sai tsofaffin akwatuna da keken marigayi. Wani ɗan wari yakan fito ta kafar, kamar na tsohuwar rijiya. 'Yan gidan sun saba har ba sa ji.

Auta ta kunna risho ta ɗumama kifin. Ƙamshi ya cika kicin har ita kanta ta tuna ba ta ci komai ba tun safe. Ta kawo farantin ta ajiye gaban kyanwar.

Hancin Toka ya motsa. Maƙogwaronta ya yi sama ya yi ƙasa. Miyau ya taru a gefen bakinta ya ɗiga a siminti. Amma kanta bai sunkuya ba.

Auta ta lakato a yatsa ta kai mata har leɓe. Jikin kyanwar ya hau rawa, bakinta a datse, idonta na kan ƙofa. Nan wani abu ya ɗarsu a ran Auta. Dabba marar lafiya kawar da kai take yi daga ƙamshin abinci. Wannan kuwa yunwa take ji kamar ta mutu. Ruwa ba ya tsami banza. Amma ta gaji, duhu na shigowa, ga maganar likita sabuwa fil a kunnenta. Ta mayar da farantin kicin, ta ɗauko tawul.

Toka ba ta da sauran ƙarfin yakushi. Da tawul ya rufe ta sai ta yi wani kuka mai tsawo da Auta ba ta taɓa ji daga bakin kyanwa ba. Nan take cokali ya fara sauka a kan ƙarfen gado. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, ba tsayawa.

"Inna, ki yi haƙuri! Minti biyar kawai!"

Ta shiga kicin ta tura ƙofa da ƙafa. Ta zauna a ƙasa, ta matse kyanwar a cinya, ta jingina wayar da tukunya don ta haska. Ta zuƙo damammen kifi a sirinji, ta sa a gefen baki ta danna kaɗan. Toka ta tofar. Wuyanta a miƙe yake wajen ƙofa, zuciyarta na bugawa da sauri a ƙarƙashin tawul.

Cokali na ta bugawa.

"Haba Toka. Don Allah ki taimake ni. In ba ki ci ba ita ma..."

Sai ta ji ƙara daga lungu. Ƙiiii. A hankali, irin ta hinjin ƙofa da ya shekara bai motsa ba.

Ta tsaya da sirinji a hannu. Iska ce, ta ce wa kanta. Amma labulen tagar kicin ko motsi bai yi ba.

Sanyi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya taɓa yatsun ƙafarta. Warin rijiya ya biyo shi, mai kauri, ya danne ƙamshin kifi gaba ɗaya.

Bugun cokalin ya ragu. Ƙwal. Shiru. Ƙwal.

Sannan ta ji cokalin ya faɗi ƙasa ya yi ta gangarawa a siminti har ya tsaya.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta fizgi waya ta buɗe ƙofa. Toka ta zame daga tawul ta fita, ƙafafunta suka harɗe ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, ta ci gaba da jan ciki.

Auta ta ɗaga fitila.

Ƙofar sito a buɗe take kusan kamu ɗaya. Daga cikin duhun wani abu ya miƙo ya bi bango, dogo, siriri, launin tokar murhu. Hannu ne. Gwiwa uku ta ƙirga masa kafin ta daina ƙirgawa. Yatsunsa sun riga sun kama dokin ƙofar ɗakin Inna.

Bai motsa ba. A sandare yake kamar an zana shi.

Ta cikin ɗakin ta hango Inna. Rabin jikinta ya zamo daga gado, kanta na lilo, amma idanunta na kan yatsun nan. Ta rufe na dama ta buɗe. Ta rufe na hagu ta buɗe. Hawaye na bin kuncinta da ya shanye.

"Innalillahi," in ji Auta.

Toka ta kai wurinta. Ta ɗaga kai da ƙyar ta yi gurnani. Yatsun suka saki dokin ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Hannun ya fara janyewa, yana gogar bango da ƙara irin ta busasshen ganye, har ya shige. Ƙofar ta dawo, ta tsaya a taƙi ɗaya. Ba ta koma yatsu huɗu ba.

Auta ta ruga ta tallabi Inna ta mayar da ita kan filo. Inna ta damƙe mata wuyan hannu da ƙarfin da ba a san tana da shi ba. Ta nuna taga. Ta nuna ƙarƙashin gado, inda 'yar kujerarta take. Sannan ta nuna idon Auta.

Daga lungu ƙofa ta yi ƙiii, gajere.

Auta ta leƙa. Kan Toka na rinjaya, idanunta na lumshewa don galabaita. Duk lokacin da suka lumshe sai ƙofar ta ƙaru da faɗin yatsa. Ta farka ta yi gurnani, ƙofar ta tsaya.

Nan komai ya faɗo wa Auta a lokaci ɗaya. Abin ba ya motsi matuƙar ana kallonsa. Kyanwa kuwa idan tana tauna sai ta sunkuya ta lumshe ido, haka Allah ya yi ta. Kwana shida Toka na jiran wanda zai karɓe ta, su kuma suna ta canja mata kwano. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ta ɗauko farantin a kicin da gudu. Ta ja 'yar kujerar ta ajiye gaban sito, ta sa farantin a bayanta, ta zauna. Ta haska ƙofar, ta sa ido a cikin duhun.

"Je ki ci," ta raɗa. "Na karɓe ki."

Toka ba ta motsa ba.

Auta ta gyara zama. Ta nemo muryar da take tsawata wa aji da ita. "Toka. Je ki ci. Na karɓe ki."

Gashi ya gogi ƙafarta ya wuce baya. Shiru. Sannan ta ji harshe a kan faranti, lak, lak, a hankali.

Hasken waya na shiga sito ya ɓace, ko akwati ɗaya bai nuna ba. Da farko duhu ne kawai. Daga nan ta gane wani ɓangaren duhun ya fi wani kauri, kuma a tsaye yake, a sunkuye, don rufin ya yi masa gajere. Can sama kusa da kan ƙofa ido ɗaya ya buɗe. A tsaye yake, ba a kwance irin na mutum ba.

"Auta."

Raɗa ce, amma kamar a cikin kunnenta aka yi.

"Kin girma."

Ta fara addu'a. Harshenta ya yi nauyi, tana kama kalma tana suɓucewa, tana sake farowa.

"Tun kina jaririya nake jin numfashinki ta bangon nan. Taku uku ne. Uwarki ce ta zauna a hanya."

Idanunta suka fara yaji. Sanyin na busar da su. Ta daure, ta daure, hawaye ya cika su har ƙofar ta zama biyu. Ta ƙifta.

Ƙiftawa ɗaya.

Ƙofar ta ƙaru da taƙi guda. Wani abu mai sanyi kamar ƙanƙara ya zagaye idon sawunta na hagu.

Ta so ta duba ƙasa. Ta so ta kurma ihu. Ta riƙe idon nan da nata, ta ji yatsun sun sandare a inda suke, ba su matsa ba, ba su saki ba.

Lak, lak, lak.

Yajin ya dawo. Sai ta tuna da abin da suke laɓewa suna yi wa dariya. Ta rufe na dama, ta buɗe. Ta rufe na hagu, ta buɗe.

Abin ya yi wani sauti mai kama da tsaki.

Wayar ta hau rawa a hannunta, ƙarar ta cika lungu. Ta san Yaya ne, lokacin kiransa ke nan. Hasken na tsalle a bango. Ta riƙe da hannu biyu ba ta duba ba, har ta gaji ta tsinke.

Shiru ya dawo. Sai murya daga bayanta, daga ɗaki.

"Auta! Wayyo Auta, na faɗi! Zo ki tashe ni!"

Muryar Inna ce sak, har da ɗan shaƙewar da take yi in ta tsorata. Kwana shida Auta na roƙon Allah ta sake jin muryar nan. Wuyanta ya fara juyawa da kansa.

Ƙwas.

Ƙashin yatsa ne a kan ƙarfen gado. Mai rauni.

Ƙwas.

Inna ba ta da murya. Hannu ɗaya gare ta, kuma ga shi tana magana da shi. Auta ta dawo da wuyanta. A ɗan karkatawar nan yatsun sun hau har ƙwaurinta.

"Ƙarya kake," ta ce. "Ina kallonka."

Dama. Hagu. Dama. Hagu.

Cokali biyu ne kacal a farantin. Ba ta taɓa sanin cokali biyu na da tsawo haka ba. Ƙafarta ta mutu har gwiwa. Fitilar ta fara dusashewa, ta yi ja, idon nan kuma kamar ƙara saukowa yake.

Sai lasar ta tsaya.

Ta ji an ture farantin, ya yi ƙara a siminti. Wani ɗumi ya gogi ƙafarta daidai inda sanyin yake. Toka ta zagayo ta zauna a gabanta, ta miƙe wuya, ta yi gurnani daga can cikin ƙirji.

Yatsun suka saki. Busasshen ganye ya ja a ƙasa. Idon ya rufe daga gefe zuwa gefe. Ƙofar ta dawo a hankali har ta tsaya a faɗin yatsu huɗu.

Auta ba ta iya tashi ba sai da rarrafe. Ta ɗauki farantin ta ja ƙafa zuwa ɗaki, ta ajiye shi a ƙirjin Inna. Inna ta shafa shi da yatsa, ta ji santsin lasa. Ba ta tsaya nan ba. Ta kamo haɓar Auta ta juyo da fuskarta wajen haske, ta daɗe tana duba idanunta da suka yi jawur. Sannan ta buɗe karkataccen bakinta.

Auta ta dama madara da burodi ta riƙa ba ta, rabi na zuba a wuya. Cokali bakwai Inna ta karɓa, ta sha magani.

"Inna," in ji Auta a hankali, "lokacin da aka yi mini tiyata..."

Inna ta ɗaga hannun hagu ta nuna bangon da sito ke bayansa. Ta nuna kusurwar da gadon Auta yake a da. Sannan ta ɗora tafin hannunta a ƙirjin 'yarta ta bar shi a nan. Kunya da baƙin ciki suka taso wa Auta a tare. Ta kifa kai a katifa ta yi kukan da ba ta yi ba tun tana yarinya, Inna na shafa mata kai.

Da safe likita ya zo ya tarar da faranti a lashe. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ai ya gaya mata, sirrin duk yana cikin ɗumamawar. Ta yi masa godiya ta raka shi ƙofa. Cikin mako biyu dasashin Toka ya koma ja. Inna ba ta sake magana ba, amma ta ci ta sha, har ta kai ana zaunar da ita a kujera. Ta ƙara wata tara a duniya, kuma a barcinta ta cika, da hantsi.

Yaya bai yarda da labarin ba, amma da ya ga shatin yatsu huɗu a ƙafar ƙanwarsa sai ya yi abin da yake ganin ya dace. Ya kawo masu karatu suka yi kwana uku, ya kawo kafinta ya buga wa ƙofar ƙusa ashirin. Da gari ya waye aka tarar da ƙusoshin a jere a ƙasa, a miƙe sambal kamar ba a taɓa buga su ba. Ya ce a sayar da gidan. Auta ta tambaye shi wa za a sayar wa, masu yara nawa. Bai sake tayar da maganar ba.

Auta ta nemi canji zuwa makarantar da ke kusa. Ta karɓo 'yar kyanwa a wurin likita, domin Toka ta tsufa, kuma ƙaramar ta fara zama kusa da babbar tana koyon inda ake kallo. Ɗalibanta sun gano yadda Malama ke ƙifta ido ɗaya bayan ɗaya, tana jin su suna kwaikwayonta a bayan aji. Ba ta taɓa hukunta kowa a kai ba.

Bana da hutu Yaya ya kawo iyalinsa, 'yarsa mai shekara bakwai ta kwana biyu a gidan. Auta ta kwantar da ita a falo, nesa da lungu. Duk da haka, washegarin tafiyarsu, tana zaune a 'yar kujera Toka na ci a bayanta, raɗar nan ta fito ta kafar ƙofa. Ba sunanta ya kira ba. Tambaya ya yi, wace ce mai sabon numfashin.

Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da yarinyar, aka kawo ta babban asibitin da ke kusa da Auta. Kullum da safe Auta na can, tana ba ta labari tana goge mata goshi. Rana ta uku, la'asar na yi ta ɗauki jaka. Yarinyar ta riƙe mata gefen riga da hannu mai zafi.

"Goggo, kyanwa ta fi ni ke nan?"

Auta ta zare rigarta a hankali. Ta gyara mata bargo har wuya, ta fita tana sauri, don rana ta fara yin ja.